Hotunan Kawu Guda Biyar

Asabar, 6 ga Satumba

Na yi nasara yau a taron ƙungiya. Na rubuta ne don in ga yadda zai yi a takarda. Bai yi kyau ba.

Mu goma sha huɗu ne a ɗakin sama na laburare, inda muke haɗuwa duk Asabar, mu masu ɗaukar hoto mai zurfi, irin wanda sai an sa tabarau mai ido ɗaya ja ɗaya shuɗi kafin a ga abu ya taso ko ya shige ciki. Saura mako shida baje kolinmu. Injiniya, shugabanmu, ya ce yau dai a kashe gardamar da aka yi wata biyu ana ja a guruf ɗinmu na waya, a tsayar da ƙa'idar zaɓen hotuna. Ni a gefe ɗaya, Kawu a ɗaya gefen.

Kawu ya faɗi abin da yake faɗa tun kafin in yi gemu. Gefen hoto taga ce, komai ya zauna a bayanta, kada wani abu ya taso gaba ya taɓa gefe. In hakan ya sa fatalwa ta fito, wato 'yar inuwar nan ta biyu da ke bin farin abu a kan duhu, a bar ta, ido zai saba. Ni na ce a'a. A haɗa ja da shuɗin daidai a kan abin da aka ɗauki hoton dominsa, a rage ƙarfin fari da baƙi a kwamfuta har fatalwar ta mutu, sannan a zana wata taga ta ƙarya ta taso gaba ta rufe laifin gefe. Minti biyu an gama. Ya ce wannan kwalliya ce. Na ce rular da yake auna hoto da ita ma kwalliya ce, ta tsofaffi.

Da na tsaya nan da ba komai.

Sai na haska hotonsa a majigi. Hoton telan nan da farin yadi a kan keke, wanda ya kawo shagona makon jiya don in buga masa gwaji. Ban tambaye shi ba. Na san abin da ke ciki: hagu da dama sun juya, fuskar telan ta lotsa ciki kamar kwano, bangon da ke bayansa ya taso gaba. Kowa ya sa tabarau. Dogo ne ya fara dariya, har da dukan tebur. Na ce, ga aikin mai doka.

Kawu ya sa nasa tabarau a kan na karatu. Ya daɗe yana kallo, ya matso kusa da allo, ya koma. Ya ce, "Ni ban ga laifinsa ba."

Aka sake fashewa, wai wasa yake. Ni ma na yi dariya. An kaɗa ƙuri'a, goma sha ɗaya da biyu. Shi bai ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Da aka tashi ya naɗe rularsa a ƙyallenta, ya ce a gaida yara.

Lahadi, 7 ga Satumba

Maman yara ta tambayi yadda taron ya kasance, na ba ta labari ina ƙara gishiri. Ta bari na kai ƙarshe, tana ninke kayan makarantar yara, sannan ta ce ita ba ta san taga ba, ba ta san fatalwa ba, amma wa ya ba ni kyamarata ta farko? Na ce wannan daban, wannan maganar ilimi ce. Ta ce to Allah ya ƙara ilimi.

Ba ta sake tada zancen ba. Gara ta yi faɗa.

Talata, 9 ga Satumba

Injiniya ya kira. Ajin sababbin shiga, wanda Kawu ke koyarwa shekara goma sha tara, kwamiti ya ga ya kamata ya dawo hannuna. Wai zamani ya canza. Na ce zan yi tunani, alhali na riga na sayi sabon littafin da zan tsara darussa tun watan jiya.

A nan ne kawai zan iya rubuta wannan: ajin nake so. Ba tagar ba.

Dogo ya mayar da hoton telan abin barkwanci a guruf, ya rubuta a ƙasa, "tela ya shiga rijiya". Mutum bakwai sun sa alamar dariya. Kawu yana cikin guruf ɗin. Na ga alamar ya karanta.

Asabar, 13 ga Satumba

Bai zo ba. Kujerarsa ta kusa da makunnin fitila, shi ke kashe wuta in za a haska hoto. Yau sai da aka zauna aka yi shiru ana jira, kafin wani ya tuna ya tashi ya kashe.

Litinin, 15 ga Satumba

Na bi ta layin su Kawu da niyyar shiga. Na wuce.

Laraba, 17 ga Satumba

Auta ta zo shago bayan an tashi daga makarantar da take koyarwa. 'Yar Kawu ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage a gidan tare da shi da matarsa Inna. Abokiyar wasata ce, ba ta taɓa shigowa ba tare da ta ce min mai tumbi ko ta nemi in buga mata hoto kyauta ba. Yau ta gaishe ni a tsaye, cikakkiyar gaisuwa.

Ta jira mai fasfo ya karɓi hotunansa ya fita. Ta ja ƙofa.

Idon Kawu na hagu ya mutu. Shekara ɗaya da wata biyar. Jijiya ce ta toshe a ciki, ya wayi gari kawai ya ga rabin ɗaki babu. Sun je asibiti har sau shida, likita ya ce sai haƙuri, a kula da na daman. Daga waje idon lafiya lau, yana motsi, yana ƙiftawa. Ya sa ta da Inna sun yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba, musamman ni.

Na ce me ya sa musamman ni?

Ta ce, "Yaya, kai ma ka sani."

Ban sani ba. Ko kuma na sani.

Ta ce tun ranar Asabar ɗin can yake shiga ɗakin aikinsa ya baje hotuna a tebur da rula, yana auna tazarar ja da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Ya tambaye ta ta sa tabarau ta duba masa telan. Ta duba ta ce eh, Baba, a juye yake. Ya ce to. Shi ke nan.

Mai ido ɗaya ba ya ganin zurfi. Wannan shi ne darasi na farko a ajin nasa, shi ya koya min. Ya tsaya gaban mutum goma sha uku ya faɗi gaskiya tsagwaronta, bai ga laifinsa ba, mu kuma muka yi dariya.

Auta ta ce kada in kuskura in nuna na sani. Na yi mata alkawari.

Alhamis, 18 ga Satumba

Duk yini abubuwa ke dawo min. Ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce butar ce ke ɗiga. Yadda ya daina tuƙi ya ce gwiwa. Yadda yake juyo da kai gaba ɗaya in an yi masa magana ta hagu. Bara ma da ya miƙa hannu zai karɓi murfin kyamara daga hannuna ya kama iska, na ce Kawu tsufa ya zo, ya yi dariya.

Da azahar babu kowa a shago. Na sa tabarau, na rufe idon hagu da tafin hannu, na buɗe hoton gadar nan tawa da nake taƙama da ita. Shimfiɗe kawai, shuɗi-shuɗi, kamar hoton jarida. Na yi minti biyar a haka na gaji na sauke hannu.

Shi shekara ɗaya da wata biyar. Kuma duk Asabar yana zuwa, yana sa tabarau, yana cewa masha Allah, wannan ya fito.

Litinin, 22 ga Satumba

Ya zo da kansa. Sanye da farar rigarsa ta fita, rula a aljihu. Na tashi na ba shi kujera, na rasa ko wane ido zan kalla. Ya tambayi yara da sunansu ɗaya-ɗaya, ya tambayi ko injin bugawa ya daina jan layi. Bai ambaci taro ba. Bai ambaci aji ba.

Ya ajiye filashin kwamfuta a kan kanta. Hotuna biyar don baje koli, kowane mamba yana da damar biyar. Ya cire telan na da, ya koma ya sake ɗaukar wani a shagon telan. Ya ce in buga manya, a takarda marar sheƙi, Juma'a zai aiko a karɓa ko ya zo.

Da zai fita ya kira ni da sabon suna. "Sai Juma'a, Gwani."

Babu ɗaci a muryarsa. Na so a ce akwai.

Laraba, 24 ga Satumba

Na buɗe su. Na ɗaya tela, na biyu matakalar tsohon gidan waya, na uku kekuna jere a bakin makaranta, na huɗu Inna tana shanya a tsakar gida, na biyar bishiyar bakin tasha. Tagoginsa daidai kamar an yanka da reza, da rula kaɗai ya yi wannan. Amma fatalwa ko'ina, musamman farin yadin tela da zannuwan shanya. Kuma na huɗu a juye yake. Inna ta shige cikin bango, igiyar shanya ta koma bayan katanga.

In aka rataye wannan, Dogo zai sake samun abin yi.

Na gyara na huɗun. Daga nan hannuna bai tsaya ba. Na ce tunda ƙa'idar da aka zaɓa tawa ce, kwamiti zai iya cire su in ba su bi ta ba. Na rage fari, na ɗaga baƙi, na matso da ja da shuɗi kan fuskar tela, na zana taga mai tasowa a uku daga ciki. Awa huɗu. Sun yi kyau, wallahi sun yi kyau, fatalwa ko ɗaya babu.

Na faɗa wa kaina ramuwar alheri ce. Ba zai gane ba ai, tunda...

Ban so in ƙarasa wannan jimlar.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ya gane kafin in gama buɗe takardar da na naɗe su.

Bai ma sa tabarau ba. Ya kalli telan ya ce yadin nan fari ne da na ɗauka, yanzu ya zama ruwan toka. Ya zaro rula ya ɗora a gefen hoton, ya auna sama, ya auna ƙasa. Ya ɗauki na biyu ya auna. Ina tsaye ina jin ƙarar fanka.

"Na ce ka buga. Na ce ka gyara?"

Na fara kame-kame, kwamiti, ƙa'ida, takarda ce ke shan launi. Ya ce takardar ce ta zana taga? Ya ce ran nan na nuna hotonsa ban tambaye shi ba, ya ɗauka zafin gardama ne, ya bar shi. Yau kuma na sa hannu a aikinsa ban tambaye shi ba. Ya ce shin me ya zama a wurina, yaro ko gawa?

A nan ne na yi ɓarnar da ta fi duka. Na ce, Kawu, na huɗun a juye yake, kuma na san dalili, don Allah ka bari in taimaka.

Ya mayar da rula aljihu a hankali. Ya ce, "Auta."

Ba tambaya ba ce. Na ce ba laifinta ba ne, ni na matsa mata. Ƙarya. Ya ce tausayi ne ya sa na yi wannan aikin kenan. Na ce a'a. Ya ce da raini ne da ya fi masa sauƙi, raini ana iya gardama da shi.

Ya bar hotunan a kanta. A bakin ƙofa kafaɗarsa ta hagu ta bugi ƙarfen rumfa. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai ji ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ban je taro ba. Na ce wa Injiniya mura.

Na kira Auta sau huɗu. A na biyar ta ɗauka ta ce, kwana tara, Yaya, alkawarinka kwana tara ya yi. Ta ce Baba bai yi mata faɗa ba, kawai ya daina kiran ta ta duba masa hoto, ya kulle ɗakin aikin ya sa makulli a aljihu. Ta ce ita kaɗai ce idonsa a gidan, yanzu na raba shi da ita ma. Ta kashe.

Na faɗa wa Maman yara komai, har da maganar ajin. Ta ce matsalata ɗaya ce, in na yi laifi sai in nemi hanyar gyarawa da ba sai na buɗe baki ba. Na ce to me zan yi? Ta ce ai ni ne gwani.

Har ita.

Talata, 30 ga Satumba

Na buga wa wata mata hoton fasfo da kunne ɗaya a yanke. Ta dawo ta wanke ni tas. Na ji daɗin faɗan.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na sake buga biyar ɗin yadda ya kawo su. Ban taɓa komai ba, ko ɗigo. Na jingina su a bango na sa tabarau na zauna.

Fatalwar tana nan a gefen yadin. Amma yadin fari ne sol, yana ɗaukar ido, kuma duhun shagon telan duhu ne na gaske, har kana jin kamar ka miƙa hannu ciki ka taɓo almakashi. Nawa da na gyara, na ajiye kusa da shi, tsaf yake, amma kamar an wanke shi da ruwan omo. Bayan kamar minti ɗaya na daina lura da fatalwar.

Ba na cewa yana da gaskiya a komai. A matakala, tagata ta fi. Wannan ko a gaban alƙali.

Saura na huɗu. Na buga shi a juye yadda yake. Ba zan gyara a ɓoye ba, ba zan kuma bari a rataye shi haka ba. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wadda nake gudu.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na je da hantsi. Inna ta amsa gaisuwata daga kicin ba ta fito ba. Auta ta wuce ni da bokiti kamar turmi ne a tsakar gidan. Na tsaya bakin ɗakin Kawu da hotuna a hammata, na yi sallama sau biyu.

Ya bar ni a tsaye ya gama shafin da yake karantawa. Sannan ya buɗe ɗakin aikin. Warin nan na tsohuwar takarda da man kyamara. A tebur ga littafinsa, shafi bayan shafi na lambobi, kowane hoto da awonsa.

Na shimfiɗa su. Na ce ga su yadda ka ba ni. Ya auna biyu, ya gyaɗa kai. Na ce na huɗu a juye yake, ban taɓa shi ba, in ka ce a juya a juya, in ka ce a bari a bari. Na haddace dogon jawabi a hanya, na neman gafara. Na kai "Kawu, abin da na yi ranar taro", ya ɗaga hannu. Ya ce ya ji. Ya ce in sa tabarau.

Na sa.

"Me kake gani?"

Na ce Inna ta shige bango. Ya ce ba wannan ba, wancan ya sani, a juya shi. Na ɗaya. In faɗa masa me ke gaba, me ke baya. Na ce bakin keken ɗinkin yana daidai da taga. Ya ce sai me. Na ce hannun telan yana bayansa da kamar taƙi ɗaya, sai fuskarsa, sai rigunan da ke rataye, can ciki sai ƙofar baya a buɗe da ɗan haske. Ya tambayi zaren, wanda ya taso daga kwarkwaro zuwa allura, yana tsaye shi kaɗai a iska ko ya manne da yadin? Na duba sosai. Na ce yana tsaye shi kaɗai.

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya ce saboda zaren nan ya koma shagon sau uku.

Muka bi sauran haka. Kusan awa biyu. A kekuna na ce masa madubin keken farko ya taso ya taɓa gefen dama kaɗan. Na ji tsoron faɗa, amma na faɗa. Ya auna, ya ce rula ta ce a'a. Na ce ido ya ce eh. Ya yi tsaki ya ce a matsar da shi rabin layi, ba fiye ba, kuma kada in kuskura in zana masa tagar ƙarya.

Da zan tafi ya ƙwala wa Auta kira ta kawo ruwa. Ta kawo kofi ɗaya, ta ba shi. Ya ce ɗan'uwanki fa? Ta ce mai tumbi ya san inda randa take.

Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ya zo taro. Ya zauna a kujerarsa.

Tun a mota na ce masa zan mayar da ajin, zan kuma tashi in faɗa wa kowa ban kyauta ba. Ya ce in mayar wa wa? Shi ba zai iya duba aikin ɗalibi ya ce ya fito ko bai fito ba, shekara guda yana yi musu ƙarya, abin yana cin sa fiye da yadda nake zato. Ya ce na karɓa, in riƙe. Maganar tashi kuwa, in na tashi ina ba da haƙuri za a tambayi dalili, kuma dalilin nasa ne, ba nawa ba.

Don haka na zauna da laifina. Ko wannan ɗan sauƙin bai bar min ba, kuma daidai ne.

Abu ɗaya na yi. Da kwamiti ya zo kan hotunansa, wani ya ce ba su bi ƙa'ida ba, fatalwa ta yi yawa. Na ce ni na kawo ƙa'idar, kuma ina ganin a mayar da ita shawara, kowa ya rataye aikinsa yadda ya ga dama. Injiniya ya kalle ni ta saman gilashi ya ce wata biyu na hana su barci a guruf. Na ce na sani. Dogo ya ce Gwani ya yi laushi. Ban san inda ya ji sunan ba.

Na kama Dogo a matakala na ce ya goge hoton nan. Ya ce wasa ne fa. Na ce na sani, ni na fara shi. Ya goge a gabana.

Asabar, 18 ga Oktoba

Baje koli. Mutane sun fi yadda muka zata, tabarau sittin ba su isa ba, ana karɓa-karɓa. Hotunana suna bangon dama, an yaba, wani malamin jami'a ya nemi lambata. Na kasa tsayawa wurinsu.

Layi ya fi tsawo a gaban telan. Mutane suna miƙa hannu su taɓa zaren suna dariya. Telan da kansa ya zo, ya sa tabarau ya ga kansa, ya ce ashe haka shagonsa yake da zurfi, shi da kullum yake kukan ƙunci. Babu wanda ya ce uffan kan fatalwa. Sai mutum ɗaya, Dogo, kuma a kunnena.

Wata dattijuwa ta cire tabarau ta miƙa wa Kawu, ba ta san shi ne mai hoton ba. Ta ce, Baba, sa ka ga ikon Allah. Ina bayansa. Injiniya na nan, Dogo na nan.

Ya karɓa ya riƙe a hannu. Ya ce mata, "Ido ɗaya gare ni yanzu, Hajiya, ba ya fito min. Faɗa min abin da kika gani."

Ta faɗa masa, da hannu da komai. Injiniya ya juyo ya kalle ni. Dogo ya sunkuyar da kai ya fita, bai dawo ba sai da ake kwashe kujeru, shi ya ɗauki hotunan Kawu har mota.

A hanya Kawu ya ce dai fitilar zauren ta yi rawaya da yawa, badi a canza.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na rufe shago da rana, karo na biyu a makon nan. Kawu yana son tsohuwar gadar jirgin ƙasa kafin a rushe ta. Shi ya kafa kyamara, shi ya zamar da ita daga hagu zuwa dama ya ɗauki hoto biyu, ni na haɗa a waya na sa tabarau na faɗa masa. Mun yi faɗa kan wani ƙarfe da ya shigo ta gefe. Na ce a bar shi in rufe shi da taga, ya ce a ja baya taku biyu. Mun ja baya taku ɗaya. Har yanzu ina ganin tawa ta fi, kuma jibi a aji zan koyar da duka biyun, tasa da farko don ita ce mai wuya, ba don wani abu ba.

Ban gama ba shi haƙurin ba har yau. Duk na fara sai ya aike ni ɗauko wani abu.

Da za mu tsallaka titi a dawowa, babur ya taho ta hagu. Ya kama gwiwar hannuna, muka tsaya, ya wuce. Bai saki ba sai da muka hau ɗaya gefen, yana ta maganar hasken yamma.

Auta ta hango mu daga ƙofar gida. Ta ce tun yaushe na koma tafiya ta hagun Baba, ni da kullum nake gaba kamar mai jan raƙumi? Na ce hanyar ce ta fi kyau ta nan.